Daktora Hansai da Karen Mai Gadi

Kafin rana ta fito, tukunya biyu ce ke kan wuta a gidan Malam Buba tela da ke unguwar Ridina a Injamena. Ɗaya ta kunun gyaɗa ce, ɗayar kuma ta almakashi da allurar ɗinki da sauran ƙarafunan aikin matarsa, Hansai. Tukunyar ta biyu tana da nata murhun a can bayan ɗaki, da nata marfin, kuma ba a taɓa kuskuren ɗora shayi a wurin ba. Sharaɗin da Malam Buba ya kafa ke nan tun suna da ƙuruciya, kuma bai ƙara wani a kai ba. Idan ƙarafunan suka tafasa, sai ta tsame su, ta naɗe a farin ƙyalle, ta sa a jaka tare da farar rigar aiki. Ba ta sa rigar a unguwa. Da lafaya take fita kamar kowace dattijuwa, ta taka zuwa bakin babbar kasuwa, wadda kowa ke kira Garan Marshe, ta shiga motar haya zuwa asibitin dabbobi. Karnuka take fara dubawa, tun da sanyin safiya, domin a zafin Injamena kare mai ciwo ba ya jure zaman layi. Da la'asar kuma ta hau kalando, wato babur ɗin haya, ta bi gidajen unguwar Abena tana duba ɗinkin da ta yi.

A ƙarshen wannan wata Hansai za ta ajiye aiki, bayan shekaru fiye da talatin. Ba za a kafa mata rumfa ba, ba za a kira maroƙa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ci moriyarta ba za su so a ji sunansu kusa da nata ba. Dalilin rubuta wannan ke nan.

Kakanta ya taso daga ƙasar Katagum da niyyar hajji a ƙafa. Ya yada zango a nan bakin kogin Shari don ya huta, hutun ya kai shi aure, auren ya kai shi jikoki. Hansai ta tashi a Ridina tana jin Hausa a tsakar gida, Larabci a ƙofar gida, Faransanci a makaranta. Da ta gama koyon jinyar dabbobi, shanu take so. Amma shanu da raƙuma da dawakai aikin da ake tinƙaho da shi ne, maza sun riga sun rarraba a tsakaninsu. Karnuka suka rage, aka ce sabuwar yarinya ta riƙe na ɗan lokaci. Ɗan lokacin ne ya kai ta furfura.

Mu kuwa mutanenta sai a hankali. Muna son kare ya tsare mana gida da shago, amma ba ma son a gan mu da shi, balle mu gaisa da mai taɓa shi. A gidan biki akwai matan da ke ɓoye hannu cikin gyale idan ta miƙo nata. Larabawan gari suna kiranta Daktorar Kulab, wato likitar karnuka, wasu da girmamawa, wasu da shaƙiyanci. Mazan da ke zama a bencin mai shayi kuwa, tunda suka ji har fiɗiyar karnuka take yi, da sun hango ta sai wani ya haɗe gwiwoyinsa ya ce, "Daktora, mu dai lafiyarmu ƙalau, wuce abinki!"

Ita kuma ko tsayawa ba ta yi. "Ku kwantar da hankalinku," take cewa, "masu ƙafa huɗu nake dubawa."

Masu wannan wasan ba su san cewa karnukan da ta mayar gida ba ta taɓa su da wuƙa ba sun kusa kai waɗanda ta yi wa aiki yawa. Tambaya take fara yi. Wani ya kawo mata ƙaton kwikwiyo irin na ƙasar waje, wai a fiɗiye shi saboda yana cinye takalma. Ta ce ya koma da shi sai ƙashinsa ya gama ƙwari, kuma cin takalmi daga haƙori yake zuwa, ba daga can ƙasa ba. Wani ya kawo mai cizo, ta tambaya ta gano a rana ake ɗaure shi da sarƙa tun safe, yara suna jifa. Ta ce wuƙa ba ta cire tsoro, a nemo masa inuwa. Amma wanda ta shafa ta ji ɗan maraina ɗaya ne kawai ya sauko, ɗayan ya maƙale a ciki, wannan ba ta sassauta wa mai shi, domin ɓoyayyen nan shi ke rikiɗewa ya zama ƙari idan kare ya manyanta. Haka tsohon karen da ke nishi wajen bayan gida, da mai ɗigar da jini ta gaba bayan ya dawo daga yawon barbara, kowanne da nasa maganin, kuma takan faɗa wa mai shi gaskiya ko da ba ita yake son ji ba.

Duk da haka, idan aka tambayi mutanen bayan Garan Marshe aikinta guda da suka gani da idonsu, labarin Ummaru za su bayar.

Ummaru mutumin Damagaram ne, tsohon makiyayin awaki da fari ya koro birni tun da jimawa. Shi ne mai gadin siton kayan gini na Alhaji Kamaluddeen, wani matashin ɗan kasuwa da ya zo daga Kano. Aikin yana tafe da ɗaki guda a bayan siton, kuma a ɗakin nan Ummaru da matarsa Indo suke zaune, ba su da wani wurin da za su kira nasu a duk faɗin Cadi. Yana da kare ja mai tsayayyun kunnuwa da ya raina tun yana kwikwiyo, ya sa masa suna Jandarma, sunan da yakan rage murya wajen kira idan akwai masu kaki a kusa. Karen gwani ne a gadi, aibinsa ɗaya. Da ya jiyo wata karya ta shiga lokacinta, ko a Abena take, sai ya haure katanga, a neme shi a rasa, ya dawo bayan kwanaki da yagaggen kunne. A irin wannan tafiya tasa ce ɓarayi suka zare bandir-bandir na kwanon rufi ta bayan sito, Ummaru yana zaune a ƙofar gaba bai sani ba.

Alhaji Kamaluddeen bai yi faɗa ba, magana ɗaya ya yi. Ya ce ko dai karen ya zauna wuri ɗaya, ko ya kawo wani mai gadin, kuma ɗakin yana bin aikin ne.

Ummaru ya yi abin da ya sani. A garke, idan ɗan bunsuru zai fara fitina, roba ake ɗaure masa a wuyan maraina, su bushe su faɗi da kansu, ya zama taure mai natsuwa. Ya yi haka sau ba adadi, bai taɓa asarar ko ɗaya ba. Ya tambayi abokansa na kasuwar tumaki, duk suka ce ai dabba dabba ce. Sai ya yanko robar cikin tayar keke, Indo ta rungume kan karen, ya laluba ya ɗaure tam, ya koma yana jiran ta bushe.

Ba ta bushe ba. Jandarma ya daina cin abinci, ya shige ƙarƙashin tulin katako yana gurnani yana gatsar wurin. Da ƙudaje suka fara taruwa, wari ya kai har ɗaki, Indo ta ce ko ya kai shi asibiti ko ita ta kai shi. Babu mai taksin da ya yarda ya ɗauki kare, don haka a amalanke suka turo shi, an lulluɓe shi da buhun siminti.

"Afe, Daktora," in ji Ummaru da gaisuwar Larabcin gari, yana haki.

"Afe, Baba. Me ya same shi?"

"Ɗan gyara na yi masa, irin na awaki. To ya ƙi kamawa."

Hansai ta ɗaga buhun. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, robar ta nutse cikin nama, karen ya yayyage fatar da haƙoransa, mugunya tana tsiyaya.

"Wa ya ce maka kare akuya ne?" ta ce. "Ɗan akuya yana ƙarami ake yi masa, kayansa a rataye suke, wuyansu siriri, kuma bakinsa ba ya kai can. Wannan babban kare ne, da haƙori, da harshe, ga shi yana kaiwa. Ka ɗaure masa wuta a jiki ka tafi ka zauna!"

Ummaru bai kare kansa ba. "Zai rayu?"

"Ban sani ba tukuna."

"To in ya rayu, Daktora, zai yi haushi?"

Ta buɗe baki za ta yi masa tatas, don ta ɗauka tambayar marar tausayi ce. Sai ta ga hannunsa. Ya miƙa shi zai shafa kan karen, ya sauka a bakin amalanke, ya bi katakon yana lalube har ya taɓo kunne. Ta kwance igiyar wuyan karen ta miƙa masa ta hagu ba ta yi magana ba, shi kuwa yana tsaye yana kallon dama. Ta dubi Indo, Indo ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe, Baba?" ta tambaya, muryarta ta sauka.

Ummaru ya dafa bakin amalanken. Sannan ya ce da rana yana ganin mutane kamar ta cikin ruwan tsari, in duhu ya yi kuwa kalas, shi ke nan, sai dai kunne. Karen ne ke gani, shi yana riƙe da sanda. Alhaji bai sani ba. In Jandarma ya mutu, ko ya tashi ya zama shiru-shiru kamar taure, to su biyu da Indo sun tashi daga ɗakin nan.

Hansai ba ta ce masa komai zai yi daidai ba, don ba ta saba faɗin abin da ba ta da tabbas a kai ba. Ta kira likitan asibitin, ya yi wa karen allurar barci ya tsaya yana lura da numfashinsa, ita kuma ta sa hannu. Ta yanke robar, ta cire maraina duka biyu da duk fatar da ta ruɓe, ta ɗaure jijiyoyi, ta wanke, ta ɗinke, ta bar 'yar kafa inda ruwa zai riƙa fita. Da ta gama ta sayo bokitin roba a bakin titi, ta fafe gindinsa, ta zura wa karen a wuya yadda bakinsa ba zai kai ga ɗinkin ba. Aikin da kan ɗauke ta ɗan lokaci kaɗan in an kawo kare lafiyayye, ranar ya cinye mata safiya har azahar.

Sai kuma maganar inda zai yi jinya. Asibitin ba shi da wurin kwantar da kare, harabar siton kuwa ƙurar siminti ce da ƙuda, ga mai jinyar ba ya gani. Hansai ta sa aka tura amalanken zuwa Ridina.

Malam Buba ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ga kare da bokiti a wuya ana shigo da shi gidansa. "Hansai," ya ce, "maganar tukunya muka yi da ke. Ba mu yi maganar baƙon kwana ba."

"Ba zai daɗe ba, Malam."

Ya yi ta ƙunƙuni har magariba. Washegari kuma aka gan shi yana haɗa tsofaffin yankunan yadi yana ɗinka rumfa, wai don kada a ce dabba ta mutu da rana a gidansa. Maƙwabta biyu suka daina aiko a ari turmi. Hansai ko a jikinta. Safe da yamma tana wanke ciwon, tana allura, tana ɗura masa romo da cokali, har ranar da ya miƙe da kansa ya lashe kwano.

Ummaru yana zuwa kullum da rana, Indo tana riƙe da gefen rigarsa kamar hira suke. Ya rame, don tunda karen ya bar sito bai yarda ya runtsa a bakin aiki ba, ko ɓera ya motsa sai ya miƙe da sanda. Wata rana ya ce mata Alhaji zai zo ganin karen da kansa, ya roƙe ta don Allah kada ta ambaci idon.

"Ba zan faɗa masa ba," ta ce, "don sirrin ba nawa ba ne. Amma in ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Kuma Baba, kare ba ƙarfe ba ne. Yau ya tsira, gobe mota ce, jibi guba ce. Kana so ka rataya makwancin matarka a wuyan dabbar da ke bin titi?"

Alhaji Kamaluddeen ya zo da la'asar, cikin shadda mai maiƙo, ya tsaya daga bakin zaure yana tattare riga. Ummaru da Indo suna zaune a tabarma gefe guda.

"Mama, sannu da ƙoƙari," ya ce. "Ni tambayata ɗaya ce. Karen nan zai ƙara amfani, ko in nemi wani?"

Ta ba shi amsa dalla-dalla. Yawon zai ragu sosai, amma ba rana ɗaya ba, don abin da ke jininsa sai a hankali yake bajewa, kuma ƙafar da ta saba hanya tana iya tunawa. A 'yan makonnin farko ma zai iya yi wa karya ciki, saboda haka a tsare shi. A ƙara wa katangar baya tsawo. A rage masa tuwo, in ba haka ba zai yi teɓa. Idan ya warke a kawo shi allurar rigakafin hauka. Gadi kuwa, ta ce, kare yana haushi ne don wurin nasa ne, kuma ita ba ta cire masa wannan ba.

Alhaji ya yi murmushin wanda bai gamsu ba. "Mama, ni fa na san taure. Ko ƙaho aka sa masa na ƙarfe ba ya faɗa."

"To shiga ka gaishe shi."

Ya tako tsakar gida, ya nufi rumfar. Jandarma bai saba ganinsa ba sai daga nesa, ga shi kuma ya riga ya ɗauki gidan Malam Buba a matsayin nasa. Ya zabura har igiya ta miƙe, ya saki haushi, bokitin kuma ya tattara muryar ya watso ta kamar lasifikar masallaci. Alhaji bai san lokacin da ya tsinci kansa a bayan keken ɗinki ba, hula a ƙasa. Malam Buba ya yi dariya har da tari. Shi ma Alhajin da ya dawo hayyacinsa ya kama dariya, yana kaɗe hula yana cewa wallahi ya yarda, wannan ko rabinsa aka bari ya isa.

A nan maganar za ta iya ƙarewa, kowa ya tashi da farin ciki. Hansai ko kallon Ummaru ba ta yi ba. Shi ne da kansa ya gyara zama ya ce, "Alhaji, akwai abin da ban gaya maka ba." Ya faɗi komai, a taƙaice, kansa a ƙasa.

Dariyar ta ɗauke. "Wato ina can ina barci," in ji Alhaji, "makaho ke gadin dukiyata?"

"Ba makanta ba ce tukuna," Hansai ta ce. "Ni ba likitar mutane ba ce, amma ga alama yanar ido ce ta rufe masa gani, irin wadda aka cire wa mahaifiyata a asibitin ido. Su za su tabbatar."

Alhaji ya sa hularsa ya fita bai yi sallama ba. Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa mutanen nan nauyi, kuma ita ma Hansai sun yi mata, don ta san da ta yi shiru tun farko da tsohon bai buɗe baki ba. Indo ta fara ƙulle kwanukanta a zane. Sai ga saƙo daga Alhaji: zai sa wani surukinsa ya riƙe gadin, ɗakin yana nan har a ga abin da asibiti zai ce. In Ummaru ya gani, ya koma bakin aikinsa. In bai gani ba, sai haƙuri.

Sai kuma Ummaru ya tubure, wai shi ba za a sa masa wuƙa a ido ba, gara ya mutu da abinsa. A nan ne Hansai ta sauke masa fushin da ta haɗiye tun ranar amalanke.

"Kai da ka ɗaure wa bawan Allah roba, ba allura ba komai, yana kuka kana ja? Yanzu kai da za a kashe maka zafi a lallaɓa ka, kai ne mai rawar jiki? Tashi mu tafi, Baba."

Ita ta raka su, ita ta yi musu tafinta da Faransanci, ita ta zauna da Indo a benci har aka fito da shi da auduga a fuska. Idon hagu an makara, likitoci suka ce akwai wata cutar a bayan yanar. Na dama ya buɗe.

Ranar da aka mayar da Jandarma sito, an cire masa bokiti, gashi ya fara rufe wurin. Ummaru yana zaune a ƙofa da baƙin tabarau. Karen ya faɗa masa a jiki, shi kuma ya cire tabaran, ya kwantar da shi, ya ɗaga ƙafarsa ta baya. Ya daɗe yana kallon tabon, dogo, mai karkata, har zuwa cinya inda ruɓar ta ci.

"Daktora," ya ce, "ashe haka na yi masa."

"Haka ka yi masa, Baba."

Tsohon ya yi kuka a gaban leburori da masu amalanke, babu wanda ya yi masa dariya. Alhaji Kamaluddeen yana tsaye a bakin sito, ya bari sai da ya share fuska, sannan ya nuna can ƙarshen lungu ya ce, "Baba, waye wancan mai tahowa?"

Ummaru ya ƙanƙance idon dama. "Ɗanladi mai shayi ne. Kuma rigar nan tasa, ashe ban yi asarar komai ba da ban gan ta ba."

Alhaji ya zaro mabuɗin ƙofar gaba daga aljihu ya miƙa masa. A makon nan aka ƙara wa katangar baya bulo. Jandarma ya gwada haurawa sau ɗaya ko biyu, ya ga abin ba riba, ya haƙura.

Hansai, ke ce kika tsaya a inda mu duka muke kaucewa. Ke ce mai hannun da ake ƙin gaisawa da shi a gidan biki, a neme shi da sassafe ta ƙofar baya. Ba ki taɓa yanka don a ce kin iya ba, ba ki taɓa fasa yanka don tsoron bakin mutane ba. Ke ce kika dubi karen da ya ruɓe kika ga tsofaffi biyun da ke tsaye a bayansa. Kina iya rufe bakinki a bar tsoho da duhunsa, kowa ya ce kin yi kirki, amma kika zaɓi gaskiyar da ta hana ki barci. Uwar marasa baki, jikar matafiya, Allah ya saka miki, ya ba Malam Buba ladan rumfarsa.

Mun gode, kuma muna jin kunyar cewa sai da za ki tafi muka faɗa. Godiyar da za ta yi miki daɗi ba ta baki ba ce, mun sani. Duk mai kare a Ridina ko Abena ko bayan kasuwa, in yawon karensa ya ishe shi, ko ya ga kumburi, ko jini, ko ɗan maraina guda, ya kai shi wurin masu aikin ya ji shawara, ya bar roba a tayar keke. Ba kowane kare ne ke bukatar wuƙa ba, amma wanda ke bukata, a yi masa da allura da hannu mai tsabta. 'Ya'yanmu masu karatun dabbobi kuma, kada kowa ya ruga wajen shanu da raƙuma. Bencin aikin da Hansai za ta bari yana bukatar mai zama, kuma in ɗiyar wani ce ta zauna, mu miƙa mata hannu a gidan biki.

Ummaru da Indo suna nan a ɗakinsu na bayan sito. Duk ranar da Hansai ta bi ta lungun nan da jakarta, tun daga kan kwana tsohon yake hango ta, ya miƙe tsaye ya cire hula, kafin karen ma ya ɗago kai.